Gidajen marayu a Yukren: ina ya fi dacewa taimako ya faɗa?

Ummu_Safiyya
Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin hunturu sai hotunan yaran gidajen marayu na Yukren su yi ta yawo, ana roƙon barguna da alewa da kayan wasa. A gefe guda kuma wasu ƙungiyoyin da ke aiki a can suna cewa kada a ba gidajen ko sisi, a ba iyalai. Masu sanin abin su warware mana: yaya yaro yake wuni a cikin gidan daga safe zuwa dare, kuma wanda ke da 'yan kuɗi a hannu ina ya kamata ya sa su?

Malam_Tanimu
Wa alaikumus salam. Hajiya, a fara gyara kalmar tukuna, don ita ke ɓatar da mutane. Kafin yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a Fabrairun 2022 akwai yara wajen 100,000 a gidaje sama da 700, kuma kusan tara cikin goma suna da uwa ko uba a raye. Kusan rabinsu masu larura ne. Abin da ya kai su can talauci ne, ko shaye-shayen iyaye, ko kuma garinsu babu makarantar da za ta karɓi kurma ko makaho ko yaron da ba ya tafiya. Su kansu 'yan ƙasar internat suke kiran wurin, wato makarantar kwana. Gadon Tarayyar Sobiyet ne, a 1956 zamanin shugabanta Khrushchev aka baza irinsu ko'ina.

Kuma ba ma'aikata ɗaya ke riƙe da su ba. Gidajen jarirai, daga haihuwa zuwa shekara 3 ko 4, na ma'aikatar lafiya ne. Makarantun kwana na ma'aikatar ilimi. Gidajen masu larura mai tsanani na ma'aikatar walwalar jama'a. Yaro ɗaya yana iya ratsa duka ukun, kowane sauyi sabon gini, sabbin fuskoki, wani lokaci a raba shi da ƙaninsa saboda shekarunsu ba ɗaya ba.

DanKwari_88
To ashe bodin ce kawai? Mu ma ai muna kai yara makarantar kwana, ba wanda ya kira su marayu.

Malam_Tanimu
Wasu kam bodin ce, yaro yana komawa gida Juma'a da yamma ko lokacin hutu. Shi ya sa a 2020 da korona ta shigo aka mayar da yara kimanin 42,000 gidajen iyayensu cikin 'yan kwanaki. Amma ɗan bodin ɗinku yana shiga da shekara goma sha ɗaya, yana da gidan da ake jiransa. Wanda aka ajiye yana wata shida, kuma babu mai zuwa duba shi, wani labari ne daban.

Anti_Nas
Ummu_Safiyya, ga tsarin yini a makarantar kwana ta yara masu zuwa aji. Tashi wajen ƙarfe bakwai, motsa jiki, gyara gado, wanke fuska. Karin kumallo yawanci kasha ne, wani fate-fate na hatsi da madara ko ruwa, da burodi da man shanu da shayi. Darasi daga wajen takwas da rabi, minti 45 kowanne. Abincin rana shi ne babba: miya mai ruwa irin borsh, wadda ake yi da kabeji da dankali da wani jan tushe, sai ƙwallon niƙaƙƙen nama ko kifi da dankali ko taliya, da ruwan dafaffun 'ya'yan itace da suke kira kompot. Ƙanana suna da sa'ar barcin rana, dole ne ko yaro ba ya jin barci. Da la'asar ɗan abin taɓawa, kefir mai kama da kindirmo da ɗan burodi mai zaƙi. Sai aikin gida a aji ƙarƙashin mai kula, sai kulob na zane ko rawa ko ƙwallo, abincin dare, a kashe fitila tsakanin tara da goma.

Ci huɗu zuwa biyar ne a rana, kuma akwai ma'aunin gwamnati na kowane abu da giram. A 2021 aka sabunta shi, aka rage sukari da gishiri, aka cire tsiran alade da makamantansa. Don haka yunwa ba ita ce babbar matsalar mafi yawan gidajen ba. Matsalar ita ce komai da ƙararrawa yake, komai a rukuni. Yaro ba ya buɗe firji, ba ya zaɓen rigar da zai sa, ba ya ganin yadda ake sayen abinci ko dafa shi, domin dokar tsafta ta hana shi shiga kicin. Masu kula kuma aikin karɓa-karɓa suke yi, wadda ta kwantar da shi ba ita za ta tashe shi ba.

Hajiya_Turai
Wannan maganar ta ƙarshe ita ce gizo ke saƙa a kanta, musamman ga jarirai. Jariri yana buƙatar fuska ɗaya da za ta amsa kukansa. Idan mai raino ɗaya na da jarirai goma, sai ta jingina musu kwalba a gado ta wuce. Bayan 'yan watanni sai ya daina kuka, ba don ya ƙoshi ba, don ya gane babu mai zuwa. Daga nan ake ganin jijjiga jiki gaba da baya, buga kai da gado, tsotsar hannu har ya yi rauni. Binciken da aka fara a Bukarest ta Romaniya a farkon shekarun 2000, a kan yara 136, ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa ta wajen magana da fahimta da shaƙuwa. Bargo ba ya maganin wannan.

Injiniya_Bello
Na yarda da Hajiya Turai, amma kada mu manta yaƙi ake yi. Tun Oktoban 2022 Rasha ke kai wa tashoshin lantarki hari, kuma yaron da ke cikin gini yau ba zai jira a gama gyaran tsari ba kafin ya ji ɗumi. Lokacin ɗumama gidaje a can daga tsakiyar Oktoba ne zuwa tsakiyar Afrilu. Ko da tukunyar ɗumama ruwa da gas take aiki, famfunan da ke zagaya ruwan cikin bututu lantarki suke ci. Wuta ta ɗauke na tsawon lokaci cikin tsananin sanyi, ruwan ya daskare, bututu ya fashe, an rasa ginin har bazara.

Inda masu kyauta ke kuskure a janareta:

Suna sayen ƙaramin mai layi ɗaya, alhali kicin da famfuna da injin wanki na gidan masu layi uku ne, bolt 380. Sai ya ƙare a kunna fitilu kawai.

Suna ba da inji ba su ba da kuɗin mai ba. Janaretan dizal mai kilowat 30, idan yana ɗauke da kaya sosai, yana shan wajen lita 6 zuwa 7 a awa. Awa goma a rana lita 60 ke nan ko fiye, a wata kusan lita 2,000. Ba kowane kasafi ke da wannan ba.

Dizal na rani yana yin kauri cikin sanyi ya toshe matata, dole a sayi na hunturu. Sannan akwai kuɗin kafawa, da na'urar da ke sauya layi da kanta, da canjin baƙin mai. Kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, don hayaƙinsa na kisa ba wari.

Ga yaro mai na'urar iskar shaƙa ko ta zuƙe majina, batir ya fi janareta, don ba ya jiran a tayar. Na'urar iska mai lita biyar tana cin wajen wat 350, batir mai kilowat-awa biyu zai riƙe ta kusan awa biyar. A kula, batirin lithium ba a cajinsa a wurin da sanyi ya kai na ƙanƙara. Kayan Amurka masu bolt 110 kuma kada ma a fara, can 220 suke amfani da shi.

DanKwari_88
Injiniya ka yi bayani. To idan jiniya ta yi kuka da tsakar dare fa?

Anti_Nas
Sauka ake yi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Makaranta ba ta da izinin karatu ido da ido sai tana da maɓoya da aka duba. A maɓoyar ana son gadaje ko katifu, ruwan sha, bokitin bayan gida mai murfi, fitila mai batir, akwatin magani, da ƙofar fita ta biyu. Ga yara masu tafiya minti kaɗan ne. Wahalar tana gidajen masu larura: yaro mai kilo 30 da ba ya tsayawa, lif ba wuta, ma'aikatan dare kaɗan ne. Shi ya sa wasu gidajen suka dawo da gadajen marasa tafiya hawa na ƙasa, ko a tura su cikin baranda inda bango biyu ke tsakaninsu da waje, nesa da gilashi. Zanen ɗauka mai hannaye da kujerar saukar bene kaya ne masu araha da ba wanda ke tunawa ya saya.

Lauya_Damagaram
Bari in shigo ta wajen kuɗi, don a nan ake gane dalilin da ya sa wasu ke cewa kada a ba gidajen. Kasafin gida yana bin yawan kawunan da ke ciki. Kaso mafi tsoka yana tafiya a albashi da ɗumama gini da gyara, abin da ke isa cikin yaro da jikinsa kaɗan ne. A ƙaramin gari, internat na iya zama wurin da ya fi kowanne ɗaukar ma'aikata. To wa zai so gadaje su zama fanko? Idan baƙo ya zo ya sa sabon rufi da tagogi, ya ƙara wa shugaban gidan hujjar cewa ba za a rufe wuri mai kyau haka ba. Kuma uwar da ke fama da talauci ta ga can akwai ɗumi da nama, sai ta sa hannu a takarda. Kuɗin da aka bayar don marayu sai ya zama yana jawo yara daga hannun iyayensu.

Gwamnati ta san da haka. A 2017 ta amince da shirin rage gidajen na 2017 zuwa 2026, a 2021 aka sassauta shi aka fitar da wasu makarantu na musamman daga ciki, a ƙarshen 2024 kuma aka fito da sabon shiri zuwa 2028 na cewa kowane yaro ya tashi a cikin iyali. Tarayyar Turai, wadda ta ba Yukren matsayin mai neman shiga a Yunin 2022, tana matsa lamba a kan wannan.

Baba_Alasan
Ku yi haƙuri da tsoho. Namu marayun da almajiran da ke kwana a bakin kasuwa fa? Har mun gama da su ne?

Ummu_Safiyya
Baba, Allah ya ƙara girma, ba mu gama ba, kuma na kusa shi ya fi cancanta. Tambaya ce ta neman sani, akwai kuma 'yan'uwa a Turai da waɗanda suka yi karatu a Kharkiv da Sumy da ake aiko wa irin wannan roƙon.

Ustaz_Kabiru
Baba ya yi gaskiya ta wajen fifiko. A ƙara da cewa zakka tana da mutanenta da aka ambata, kuma mafi yawan malamai ba su ga a ba wanda ba Musulmi ba daga cikinta. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take ga duk mai rai. Abin da ya ja hankalina shi ne, tsarin da suke ƙoƙarin komawa yanzu shi ne riƙo da muka sani, yaro ya tashi a ɗakin gwaggo ko kawu.

Lauya_Damagaram
Haka ne Ustaz, sai dai nasu riƙon da takarda da albashi yake. Kala huɗu ne, ban da ɗaukar yaro ya zama ɗa a shari'a. Akwai riƙon dangi, yawanci kaka ko gwaggo, shi ya fi yawa. Akwai iyalin riƙo, masu karɓar yaro 1 zuwa 4. Akwai gidan yara irin na iyali, inda miji da mata ke riƙe yara 5 zuwa 10, kuma goman har da 'ya'yan cikinsu ake ƙirgawa. Sai na wucin gadi da suke kira patronat: uwa ta kwanta asibiti ko an samu rikici a gida, yaro ya zauna wata uku wurin wanda aka horar, ana iya ƙarawa zuwa shida, maimakon a kai shi internat.

Gwamnati na biyan kowane yaron riƙo ninki biyu da rabi na mafi ƙarancin kuɗin rayuwa, mai larura ninki uku da rabi. A 2024 ma'aunin ɗan shekara 6 zuwa 18 hryvnia (kuɗin ƙasar) 3,196 ne, wato 7,990 a wata. Wannan yana ciyarwa, amma ba ya sayen gida mai ɗakuna biyar, ko mota mai kujeru tara, ko babban firji da injin wanki. Iyalai da yawa irin waɗannan sun gudo daga Donetsk da Luhansk da Kherson da Zaporizhzhia sun bar gidajensu. Gidauniyar Olena Zelenska, matar Shugaba Zelensky, da aka kafa a Satumban 2022, tana gina wa irinsu gidaje. SOS Children's Villages da Hope and Homes for Children da Lumos da Caritas da UNICEF duk suna aiki ta wannan ɓangaren.

Hajiya_Turai
Kafin ma a kai ga riƙo, mafi araha shi ne kada yaron ya bar gida. Abin da ke sa uwa ta miƙa ɗanta mai shanyewar gaɓoɓi sau da yawa ba ƙiyayya ba ce: ba ta da inda za ta bar shi ta je aiki. Wurin kula na yini daga safe zuwa yamma, motar da ke ɗaukar keken guragu zuwa makaranta, mai taimaka wa yaro a aji, itacen hunturu, gyaran murhu, ma'aikaciyar walwala da ke leƙowa kowane mako. Waɗannan ba sa yin kyau a hoto, shi ya sa ba a tara musu kuɗi.

Injiniya_Bello
Hajiya, ban musa ba. Amma yaro ɗan shekara 14 da ke kwance tun haihuwa, ana ciyar da shi ta bututu, iyalai nawa ne ke layin karɓarsa? Masu neman riƙo sun fi son ƙananan yara masu lafiya. Idan kowa ya janye hannu daga gidajen don a tilasta rufe su, wannan yaron ne zai fara biya.

Dakta_Hauwa
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma akwai hanyar da za a bi tsakani: a ba da abin da ke bin yaron, ba abin da ke bin ginin ba. Keken da aka auna a jikinsa zai tafi da shi duk inda aka kai shi. Tayil ɗin baranda ba zai tafi ba.

Ga abin da irin wannan sashen ke ci. Famfas: yaro kwance yana buƙatar wajen biyar a rana. Sashe mai yara 60, guda 300 ke nan a rana, 9,000 a wata. Masu kyauta suna aiko na jarirai, alhali yawancin yaran sun wuce kilo 20, ƙaramin lamba na manya suke sawa. Idan ya yi ƙaranci sai a rage canji, fata ta jiƙe ta saɓule. Gyambon kwanciya: juyawa duk awa biyu, katifa mai iska, man kare fata, matasan tallafa gwiwa da diddige. Ciyarwa ita ta fi kisa. Yaron da haɗiya ke ba shi wahala yana buƙatar minti 20 zuwa 30, a zaune, da ƙaramin cokali, da garin da ke sa ruwa ya yi kauri. Mai kula ɗaya da yara goma sha biyu da awa ɗaya, minti biyar-biyar ke nan. Sai a ɗura masa a kwance, ya ƙware, abinci ya gangara huhu, nimoniya ta biyo baya. Yaron da kuke gani a hoto kamar ƙashi da fata, sau da yawa abinci na nan a kicin, hannun da zai ba shi a hankali ne babu. Don haka albashin ƙarin mai kula ɗaya, ko mai gasa ƙashi da zai riƙa miƙa gaɓoɓi kafin su ƙage, ya fi kwali ɗari na kayan wasa.

Magani kuma kada kowa ya aika daga aljihunsa. Na farfaɗiya musamman, sauya shi kwatsam ko yankewarsa yana tayar da ciwon. Likitan gidan ya rubuta suna da ƙarfi da adadin wata uku, a saya a cikin ƙasar.

Zee_Kaduna
Alewar fa? Ai yaro yaro ne, ko ba komai ya ji daɗi rana ɗaya.

Anti_Nas
Zee, rana ɗayar ce matsalar. Ranar Waliyyi Nikolas ita ce ranar kyautar yara a can, da 19 ga Disamba ce, tun 2023 da manyan coci-cocinsu suka sauya kalanda ta koma 6 ga wata. Daga ranar zuwa sabuwar shekara kamfanoni da 'yan siyasa da ɗalibai ke jerin gwano, kowa da jakar cakulan. Yara su yi ta maimaita waƙa da rawa ga baƙi, a ɗau hoto, a tafi. Sakamako: ciwon ciki, ƙuraje, ruɓewar haƙori, sai kuma Fabrairu zuwa Nuwamba shiru. Abin da ya fi wannan muni, yaro ya koyi cewa babba mutum ne mai zuwa da kaya ya ɓace. Za ka ga ƙaramin yaro ya rungume baƙon da bai taɓa gani ba yana kiransa mama. Masu ziyara suna ɗauka so ne, masana kuwa alamar rauni suke gani.

Malam_Tanimu
A kan wannan ne dokar 2016 ta kawo tsarin mai jagora: babba ɗaya da aka tantance aka horar, a haɗa shi da yaro ɗaya, ya riƙa zuwa a kai a kai. Amfaninsa yana fitowa ranar fita. Da yawa suna barin internat bayan aji tara, suna da shekara 15 ko 16, zuwa makarantar koyon sana'a mai ɗakin kwana. Gwamnati na ci gaba da ɗaukar nauyin maraya har shekara 23 idan yana karatu, kuma yana da haƙƙin shiga layin samun gida. Amma yaron bai taɓa biyan kuɗin wuta ba, bai san farashin man girki ba, bai taɓa kwana shi kaɗai a ɗaki ba. Kuɗin da ya taru a asusunsa yana iya ƙarewa cikin mako a waya da abokai, ko wani ya yaudare shi ya sa hannu a takardar bashi ko ta gidan da ya gada. Masu larurar ƙwaƙwalwa kuma da sun cika 18 sai a wuce da su gidan manya, inda da yawa ba sa fitowa.

Alƙaluman da ke yawo cewa kaso kaza na 'yan matan suna ƙarewa a karuwanci, kaso kaza na samarin a kurkuku, kada a riƙa yaɗa su. Shekara da shekaru ana kwafe su daga shafi zuwa shafi don tara kuɗi, kuma tambari ne a goshin yaran.

DanKwari_88
Wani ya ce min ana iya ɗauko yaro daga can a riƙe. Gaskiya ne?

Lauya_Damagaram
A yanzu a'a. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci ta soja a 24 ga Fabrairun 2022 aka dakatar da ba baƙi yara, sai a 'yan yanayi kamar dangi na jini. Ko kafin yaƙi sharuɗɗan na da tsauri: baƙo sai ma'aurata, yaro sai ya cika shekara biyar kuma ya shekara a rajistar ƙasa ba ɗan ƙasa da ya ɗauke shi, in ban da masu wasu cututtuka ko 'yan'uwan da ba a son rabawa. Duk wanda ya ce maka biya kaza in kawo maka maraya daga Yukren, ɗan damfara ne ko mai safarar mutane.

Kuma maganar fitar da yara tana da zafi a can. A Oktoban 2022 an kwashe ƙananan yara sama da arba'in daga gidan yara na Kherson zuwa Kirimiya kafin sojojin Rasha su janye daga birnin. Yukren ta ce ta tantance sunayen yara sama da 19,000 da aka kwashe, kuma a 17 ga Maris 2023 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Putin da Maria Lvova-Belova, kwamishinar haƙƙin yara ta Rasha, a kan haka. Rasha ta ce ceto ta yi daga fagen yaƙi. Katar ta shiga tsakani an dawo da wasu.

Hajiya_Turai
Wannan ma hujja ce a kan tara yara wuri ɗaya. Mota biyu ta isa kwashe gida guda. Ko waɗanda gwamnatin Yukren da kanta ta kai Poland da Jamus da Italiya da Turkiyya, rukuni-rukuni aka kai su, wasu ƙasashen sun daɗe da rufe manyan gidaje, sai aka rasa inda za a sauke yara tamanin tare in ba otal ko sansanin hutu ba.

Zee_Kaduna
Mun yi nisa. Ummu_Safiyya ta tambayi inda za a sa kuɗi. Idan mutum ya tara kaya fa, riguna da takalma, ya aika?

Alhaji_Kwastan
Kada ya aika, sai in babbar ƙungiya ce mai mota da sito. Tun Afrilun 2024 kayan agaji ba sa shiga sai wanda zai karɓa ya yi rajista a manhajar gwamnati, ya shigar da jerin kayan, an ba shi lambar wannan lodin, daga baya kuma ya kawo rahoton yadda aka raba. Jirgin fasinja ba ya sauka a ƙasar, komai ta Poland ko Romaniya ko Slovakiya ko Hungary ko Moldova yake bi a mota. Kuɗin dako sau da yawa ya fi kuɗin kayan. Gwanjo kuma nauyi ne: sai an ware, an wanke, an nemi wurin ajiya, rabinsa ba lambar yaran ba ne ko ba na yanayin ba. Takalmin da zai yi aiki a Janairu mai gashi ne a ciki, mai hana ruwa, kuma da santimita ake auna ƙafar yaro a aiko.

Kasuwanni suna aiki a Kyiv da Lviv da Dnipro da Odesa. A tura kuɗi a saya a can, kamfanin aika kaya na Nova Poshta ya kai cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin turawa a nemi abu huɗu. Lambar rajistar ƙungiyar mai alƙaluma takwas, a duba ta a rajistar gwamnati a ga ko tana cikin marasa neman riba. Asusun banki da sunan ƙungiyar, mai farawa da UA, ba katin wani mutum ba. Wasiƙar buƙata daga shugaban gidan ko ofishin kula da yara na yankin, da hatimi da kwanan wata da adadi. Bayan an kai kaya, rasit da takardar miƙawa da karɓa mai sa hannun ɓangarori biyu, domin da ita ake shigar da kayan cikin littafin gidan. Abin da bai shiga littafi ba, yana iya bin wani gida da yamma. Sayayyar gidajen gwamnati kuma tana kan shafin intanet na Prozorro, kowa na iya dubawa ya ga ko an riga an sayi abin da ake roƙo.

Dakta_Hauwa
A ƙara ɗaya a kan na Alhaji: ƙungiyar da ke baza fuskar yaro da sunansa da ciwonsa a Facebook don a tausaya, a yi hattara da ita. Masu aikin ƙwarai suna rufe fuska, kuma za su iya gaya maka yara nawa suka koma gida ko suka shiga riƙo a bara, ba kwali nawa suka raba ba.

Baba_Alasan
To wannan awon na Dakta, a riƙa yi wa masu tara kuɗin marayu na nan gida ma.

Injiniya_Bello
Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan hunturu. Idan wasiƙar buƙata ta ce dizal, a sayi dizal. Gyaran tsari aikin shekaru ne, bututu kuwa dare ɗaya yake fashewa.

Hajiya_Turai
Iyalin riƙo mai yara tara a ƙauye su ma bututunsu na fashewa, Injiniya, kuma su ba su da akawu da zai rubuta wasiƙa mai hatimi. Batir mai kilowat-awa biyu da ka ambata zai riƙe musu famfon tukunya da firji tsawon dare?

Injiniya_Bello
Famfon gida da na'urar tukunyar gas ba sa wuce wat 100 zuwa 150, firji kuma yana tashi yana hutawa. Zai kai awa takwas zuwa goma idan ba a jona masa butar lantarki ko hita ba. Sai dai inbatar ta zama mai ba da wuta santsi irin ta layi, kuma a sa wanda ya iya ya duba waya ta ƙasa, don wasu tukwanen ba sa kunnuwa idan babu ita.

Ummu_Safiyya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Lauya, saura ɗaya: su iyalan riƙon, ta ofishin kula da yara na ƙaramar hukumarsu ake isa gare su, ko sai ta hannun ƙungiya?